Ruwan da Inna Ta Wanke

Inna Hajara ce ta kashe kifin, da hannunta, ranar wata Talata, saura kwana tara Babbar Salla. Ƙarfasa goma sha bakwai ne suka rage cikin ashirin. Auren ɗanta Abdulgani a kansu yake rataye, kuma ta san haka.

Abdulgani malamin firamare ne a Gwandu, ɗan gidan malamai. Ubansa ya rasu ya bar masa littattafai, da uwa, da gida mai faɗin tsakar gida. Shekararsa talatin da ɗaya bai yi aure ba. An nuna masa gidaje uku ya ƙi. A shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato aka tura shi aikin ƙidayar jama'a a Kalgo, can ya ga Tasalla tana juya kifi a kan banda, ya dawo gida ya ce ita.

Tasalla bazawara ce, 'yar Mamman Nagoggo, masunci, cikin Sarkawan bakin gulbi. Ta taɓa aure a Birnin Kebbi, gidan wasu 'yan kasuwa. Wata goma sha huɗu ta yi. An ware mata kwano, an ware mata tabarma. Duk Juma'a uwar mijin takan miƙa mata sabulu a gaban mutane, wai ƙarnin kifi ba ya barin jikinta. Ta dawo gida a rame, ba ta magana. Nagoggo ya rantse ba ya ƙara ba mutanen tudu 'ya.

Da Baffa Usman, ƙanen uban Abdulgani, ya je neman izini, Nagoggo ya ba shi ruwa ya sha, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce a turo masa yaron da kansa.

Abdulgani ya je ana saura kwana biyu azumi. Ya iske tsohon yana ɗinkin koma a gindin wata ɗorawa. Bai ɗaga kai ba.

"Malam, ɗiyata ba ta komawa gidan da ake toshe hanci. Bayan ƙaramar salla ka zo ka ɗauki ƙarfasa ashirin masu rai. Ka kai su cikin gidanku, inda uwarka ke shanya. Ka riƙe su har Layya. In na zo na iske goma da rai, ka turo manyanka. In ban iske ba, kada ka sake biyo hanyar ga."

Abdulgani ya tambaya ko za a ba shi tarwaɗa, don ya ji an ce ta fi juriya. Tsohon ya yi dariya ta hanci, ya ce tarwaɗa ko a taɓo rayuwa take, mahaukaci ma yana riƙe ta. Ƙarfasa ce ke nuna halin mai gida.

Tasalla na bayan zana tana ji. Ba wanda ya tilasta ta, da bakinta ta ce wa ubanta ta yarda da sharaɗin, kuma in gidan Gwandu ya kasa, ba ta ƙara ambaton Gwandu. Tana da tabbaci a lokacin.

Akwai kuma Basharu, ɗan wan Nagoggo, mai jirgi mai inji, wanda ke kai banda Kurmi a mota. Sau biyu yana neman Tasalla tana ƙi. Da ya ji sharaɗin bai yi fushi ba. Cewa ya yi shi ba ya gaggawa, Layya ba ta da nisa. Ya kuma aika wa Abdulgani saƙo cewa in kifin sun fara ciwo a yi musu rubutu su sha.

Azumin nan duka Abdulgani haƙar ramin kifi ya yi. Da an sallame asuba sai ya tuɓe riga ya shiga rami a bayan rumbu, har rana ta ɗaga. Taku shida tsawo, huɗu faɗi, zurfi iya ƙirji. Ƙasar Gwandu shan ruwa take kamar raƙumi. Ya sa aka yi masa jigilar laka daga fadama a kan jakai, ya kwaɓa da ƙafa, ya dirka da taɓarya. Sau uku yana cika ramin da yamma ya wayi gari babu ko ɗigo. A karo na huɗu ruwan ya tsaya.

Maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Wasu suka ce kabari yake haƙa wa kansa. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce jikan masu karantar da Risala ya koma kiwon abin da ake sayarwa a faifai. Abdulgani ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya wuce.

Ranar da ya je ɗaukar kifin, Tasalla ta ƙara masa da garwa ɗaya ta ruwan gulbi har da lakarsa, da dunƙulen kainuwa. Ta ce ruwan rijiya mataccen ruwa ne, sai an sa masa iri, kamar yadda ake ɗiga tsohon nono cikin sabuwar madara. Ya ɗaure garwa biyu a bayan babur, ya rufe bakinsu da ciyawa, ya kamo hanya tun da sanyin safiya. Duk ramin hanya da ya gani sai ya rage gudu saboda kifin.

Sati biyun farko ba su yi kyau ba. Bazara ce, rana kamar ta fasa kai. Ruwan ya fara wari. Kifin suna tasowa sama suna buɗe baki kamar masu roƙo. Uku suka mutu cikin kwana huɗu.

Nan ya tuna abin da masu yaƙi da kurkunu suka nuna a makarantarsu, na tace ruwa da tukwane. Ya sayo randa uku ya huda gindinsu da ƙusa. Ya kafa gado da azara a bakin ramin, ya jera su ɗaya bisa ɗaya. Ta sama tsakuwa, ta tsakiya yashi, ta ƙasa gawayi. Ya aje wani fasasshen dutsen niƙa a ƙarƙashi, yadda ruwan zai faɗo a kai ya fantsama kafin ya koma rami.

Guga hamsin da asuba, hamsin da la'asar. Ya ɗebo daga rami, ya hau turmi, ya juye a randar sama. Tafin hannunsa ya yi ƙanta, kafaɗarsa ta kumbura ta saɓe. Ya rufe rabin ramin da zana don inuwa, ya shimfiɗa tsohuwar koma a kai saboda shirwa. Abinci dusa ce da gara, cikin tafi ɗaya, kada a wuce.

Cikin mako guda warin ya tafi. Kifin suka koma ƙasa. Ruwan ya juya ya zama kore, kamar an dama kuka.

Koren ya tsorata shi, ga tsakuwar randa ta yi santsi da gansakuka. Ran kasuwar Kalgo ya je ya gaya wa Tasalla zai kwashe ya wanke. Ta saki itacen da ke hannunta.

"Kada ka taɓa, Malam. Santsin nan shi ke cin ƙazantar. A gulbi, inda dutse ya yi santsi nan ruwa ya fi lafiya. In randa ta toshe, ka ɗauraye da ruwan ramin, shi kaɗai. Sabulu ko ƙamshinsa kada ya je wurin. Koren kuwa, ka tura hannu har gwiwar hannu. In kana hango tafinka dishi-dishi, ruwa ya yi."

Ya ce ashe abin da yake gani ƙazanta shi ne tsabtar. Ta ce haka mutanen tudu suke, sai abu ya mutu suke kiransa mai tsabta. Suka yi dariya. Ita ce dariyarsu ta ƙarshe.

Duk wannan Inna Hajara ba ta ce uffan ba.

Abdulgani ɗan farinta ne. A gidajen Gwandu irin nasu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta sa baki a sha'aninsa, balle zancen aurensa. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa furta sunansa ba. Mai makaranta take ce masa, shi ma sai a bayan idonsa. In tuwo ya nuna, bango take gaya wa: a zo a ɗauka kafin ya huce. In zai yi tafiya, shi ma iska yake gaya wa, ita kuwa ta ce Allah ya tsare matafiya.

Ba ta taɓa duban ramin ba yana nan. Amma kullum ya dawo makaranta sai ya iske dusa a tankaɗe cikin ƙwarya a gindin rumbu. Wata rana ya iske gara a faifai, an rufe da ganye. Kaji ba su yin wannan aikin. Ya gane, bai ce komai ba, domin haka ake yi. Godiya ma da ta fito daga bakinsa, kunyata ta zai yi.

Saboda haka bai taɓa gaya mata zancen santsi ba. Ita kuma ba ta da bakin tambaya.

Saura kwana goma sha ɗaya salla aka kira malamai Birnin Kebbi don tantancewa, sabuwar jiha tana son sanin ma'aikatanta. Wanda bai je ba an cire sunansa. Abdulgani ya yi magana da Albarka mai ga-ruwa, ya nuna masa turmi da guga, ya ce hamsin da hamsin. Yawan guga ya gaya masa, bai gaya masa dalili ba. Ya tafi ran Lahadi.

Ran Litinin Baffa Usman ya shigo gaida Inna, cikin hira ya ce ai Nagoggo da ƙafarsa zai zo washegarin salla ya ga kifin. Ya sha fura ya tafi.

Inna ta zauna da maganar. Baƙo zai shigo gidanta, surukin gobe, mutumin da ya riga ya ce gidan tudu ba ya iya riƙe ruwa. Ta tashi ta je bakin ramin, karo na farko ta tsaya ta duba da kyau. Ruwa kore shar. A gidan da ta tashi, ruwan da launinsa ya sauya ko alwala ba a yi da shi. Ta sa yatsa cikin randa, ta ji yauƙi. A ranta ta ce namiji ne, ba ya ganin datti, ga aiki ya yi masa yawa.

Ran Talata tun da hantsi ta sa Albarka ya sauke randunan. Shekararta ta haura hamsin da biyar, ga ciwon baya, amma ta durƙusa ta wanke tsakuwar nan ɗaya bayan ɗaya da toka da soso da garin sabulu. Ta wanke yashi sai da ya yi fari. Ta kwashe kainuwa ta zubar a juji. Ta yaye zana da koma ta shanya. Ta sa aka kwashe fiye da rabin koren ruwan aka cika da na rijiya. Sannan ta ɗauko alif, irin wanda take jefawa a randar sha in ruwa ya gurɓace, ta daka dunƙule biyu ta watsa.

Kafin la'asar ruwan ya kwanta garau. Ana ganin kifin ɗaya ɗaya har ƙasa. Albarka ya ce bai taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Ya mayar da randunan, ya zuba gugansa hamsin. Ruwan da ya sauko yana kumfa.

Abdulgani ya dawo Laraba da azahar. Tun daga zaure ya ji ƙamshin sabulu.

Ramin na ƙyalli a rana kamar madubi. Kifin suna kwance a sama, fararen cikinsu a waje, iska na tura su gefe guda. Ya shiga da wandonsa da takalmansa. Ya riƙa ɗauko su yana jerawa a bakin rami. Goma sha shida ya ƙirga. Ya ce a ransa ɗayar shirwa ta ɗauka.

Inna na ƙofar ɗakinta a zaune, ta juya baya, tana tsintar wake. Ya dubi hannuwanta. Fatar yatsun ta saɓule, gaɓoɓin sun tsage, jini ya bushe a kai. Waken na faɗuwa daga hannunta tana sake ɗauka.

Ta ce wa bango, "Don baƙo anka wanke."

Babu kalmar da aka koya masa ta irin wannan wuri. Ya zuba kifin a garwa ya barbaɗa gishiri.

Alhamis da safe ya isa Kalgo. Basharu ne ya fara ganinsa a bakin gulbi, yana sa a loda kwanduna. Ya leƙa garwar, ya yi fito.

"Ashe rubutun bai ci ba, Malam. To, ƙarfasa ai ƙarfasa ce. Ga jirgina cike. In cika maka garwa yanzu ka juya Gwandu, wa zai sani? Ni da kai ne kawai."

Abdulgani ya dube shi. Ya san kafin ya kai Jega labarin ya isa kunnen tsohon. Ko da ba zai isa ba, ba haka aka haife shi ba. Ya ce na gode, ya tura babur ɗinsa gaba. Basharu ya ɗaga murya ya ce in an tashi ɗaurin aure zai aiko masa da goro, don malamai ba su ƙin fatiha.

Nagoggo na gindin ɗorawarsa. Abdulgani ya durƙusa ya gaishe shi, ya aje garwar a gabansa. Tsohon ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga kunnenta ya duba ciki, ya kai hanci.

"Sabulu. Da alif. Wa yay yi?"

Abdulgani ya ce shi ne. Ya ga ruwan ya yi kore ne ya tsorata.

Tsohon ya ce ya miƙo hannu. Ya juya tafin, ya juya bayan, kamar mai tayin akuya.

"Wanga hannun igiya ta ci shi, ba toka ba. Kwana sittin ka riƙe ƙarfasa a tudu cikin bazara. Ko cikin 'ya'yana ba kowa ke iyawa ba. Wanda ya yi wannan ba ya zuba sabulu. Ka yi mini ƙarya, amma na san ƙaryar mi ce, ba ni riƙe ta."

Ya mayar da kifin cikin garwa, ya goge hannu a cinya.

Ya ce kifi mutuwa yake, shi ya kashe dubbai da hannunsa, ba kifi ne damuwarsa ba. Abin da ya aika Gwandu ya gano ya gano shi. Mijin yana iya zama da ƙarni, gidan ba ya iyawa. Kuma ɗiyarsa da gidan za ta wuni, miji sai dare.

Abdulgani ya ce ba ƙyama ba ce, taimako aka yi nufi. Ya faɗi zancen dusa da gara. Ya faɗi yadda hannuwan suka tsage.

Nagoggo ya ja zaren koma. Sannan ya ce:

"To, mai hannun ta zo. Ba ni son haƙuri daga bakinka, ba ni son na baffanka. Ta zo nan kafin salla, ta zauna kan tabarmar ga, ta ci tuwo da miyar kifi kwano ɗaya da ɗiyata. In ta yi, na yafe kifi, ranar za a sa rana. In ba ta yi ba, maganarmu ta farko tana nan."

Tasalla na wurin banda a bayan gida. Ta ji komai. Hayaƙi na tashi, ba a sanin hawayen nasa ne ko nata. Da Abdulgani ya matso ba ta yi masa sannu da zuwa ba.

"Da sabulu aka fara a Birni," ta ce.

Ya ce wannan daban ne. Waccan don wulaƙanci ta yi, wannan don ta rufa masa asiri.

"Waccan ma cewa take don ni take yi. Kullum don ni. Malam, ni ma in na shiga gidanku baƙo zai zo wata rana. Wanke ni za a yi?"

Ya ce ta ji tsoron Allah, ba ta san Inna ba. Ya ba ta labarin yadda suke, uwa da ɗan fari, yadda ba ta iya tambayarsa ko ruwa ya sha. Ya ce da tana da bakin tambaya da kifin suna nan.

"Kai kuma ba ka da bakin faɗa? Na gaya maka a nan, a wurin nan, kada sabulu ya je kusa. Kalma biyar ce. Ka kai su har Gwandu ka gaya wa mai ga-ruwa yawan guga, ka kasa gaya wa matar da ke kwana kusa da ramin."

Wannan ta shige shi. Ya sunkuyar da kai. Ya ce laifinsa ne.

"Laifinka ne. Amma ni zan biya."

Ta share ido da gefen zane, wasu suka zubo. Ta ce wata goma sha huɗu ta yi tana cin abinci ita kaɗai tana kallon ƙofa. Ta ce da ya zo da littafin ƙidaya ya zauna a kan kwandon kifi bai kakkaɓe riga ba, ranar ta ce a ranta ashe akwai irinsu. Ta ce duk kasuwa tana duba hannunsa, in ta ga ƙantar ta ƙaru sai ta kwana da daɗi. Basharu ba mugu ba ne, in ji ta, amma in yana magana lissafin kwanduna take ji.

Ya ce to su roƙi Baba ya sassauta, ya karɓi Baffa.

Ta girgiza kai. Ta ce ko Baba ya sassauta ita ba ta sassautawa. Tana son ta ga matar ta sa hannu a kwanonta, da idonta. Ba ta ƙara shiga gida a kan labari.

"Ina jira har safiyar salla. Zan tuƙa tuwon da kaina kullum, ko za ku zo. Bayan nan ka san abin da na faɗa gaban Baba. Ban iya haɗiye shi."

Kifin da ke kan banda ya fara ƙonewa, ta juya ta kama aikinta.

Ya iso Gwandu bayan la'asar. Ramin na nan garau, babu komai ciki sai sararin sama. Randunan uku na tsaye a kan gadonsu, fes, sun bushe.

Tun da aka yi masa kaciya bai ƙara shiga ɗakin uwarsa ya zauna ba. Ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shiga. Tana kan buzu da tasbaha. Da ta ga ya durƙusa a gabanta sai ta ja mayafi ta juya fuska ga bango.

Kafin ya yi magana ya ji motsi a lungun ɗakin. Fal. Daga randar shanta ne, wadda ko jikokin maƙwabta ba ta bari su sa moɗa. Ya tashi ya ɗaga faifan. Ƙarfasa ɗaya ce ke juyawa a ciki. An tsinto kainuwa biyu daga juji an ɗora mata. Ga ɓurɓushin dusa a saman ruwan. Ɗakin duka ƙarni yake, ita kuwa a ciki ta kwana biyu.

Ya mayar da faifan a hankali. Ya zauna a ƙasa.

"Inna."

Tasbahar ta tsaya.

Ya gaya mata komai, kai tsaye, ba ta bango ba. Ya faɗi abin da tsohon ya ce, da tabarma, da kwano ɗaya. Ya ce ba haƙuri ake so ta bayar ba, ba durƙuso ake so ba, loma uku ce. Ya ce zai ɗauki shatar mota, ba wanda zai gan ta a hanya. Ya ce matar da ta kwana da kifi a randarta, me zai gagare ta a kwanon tuwo? Ya ce shekara talatin da ɗaya bai taɓa roƙonta komai ba.

Da ta yi magana, bangon ta yi wa.

Ta ce ranar da aka haifi wani, a gidan nan, ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba. Da ya yi ƙyanda yana shekara huɗu, kakarsa ce ta yi jinya, ita tana bayan ɗaki tana cizon zane don kada a ji ta. Da ya gama makaranta aka yi walima, daka ta shige. Duk Gwandu ba mai cewa ya taɓa jin sunan a bakinta. Ita ke nan abin da ta mallaka. Ba ta da gona, ba ta da karatu, wannan ne aka san ta da shi. Yanzu da furfura a kanta a ce ta hau mota ta je garin mutane, ta zauna gaban wani namiji tana neman wa ɗan fari mata? A aika Baffa. A aika duk wanda ake so.

Ya ce mai hannun aka ce.

"Hannun abin da ya sani ya yi."

Ya ce ya sani, shi ya sa bai yi fushi ba. Ya ce kunyar kwana ɗaya ce, shi kuwa rayuwarsa ce. Ya ce saura kwana bakwai. Ya matsa ya kama gefen buzun da take kai, abin da bai taɓa yi ba.

Leɓenta ya motsa, har ya zaci sunansa ne zai fito.

Kifin ya sake motsi a randa.

Ta janye buzun daga hannunsa, ta gyara zama, ta ɗauki tasbaharta.

"A ɗauki kifin a kai musu, shina da rai. Ni ba ni zuwa Kalgo."